Fim ɗin Harriet Tubman: ina tarihi ya tsaya, ina ƙarin gishirin masu fim ya fara?

Da gaske ne wata baiwa a Amurka, wadda ba ta iya karatu ba balle rubutu, ta tsere daga hannun iyayengijinta, sannan ta riƙa komawa cikin dare tana kwaso wasu bayin har ɗaruruwa, ba a taɓa kama ta ba? Wannan ce tambayar da ke tasowa duk lokacin da guntayen fim ɗin Harriet na shekarar 2019 suka sake zagayowa a Facebook ko TikTok, musamman a watan Fabrairu da Amurkawa suka ware don tunawa da tarihin baƙar fata. Wasu na ɗaukar duk abin da suka gani a fim ɗin a matsayin tarihi tsantsa, wasu kuma na cewa ai tatsuniyar Hollywood ce. Kowane ɓangare ya kama wani abu, ya saki wani. Matar ta rayu, kuma ta yi abin da ake faɗa a dunƙule. Sai dai adadin da ake yaɗawa ya zarce gaskiya, wasu mutanen cikin fim ɗin ba a taɓa yin su a duniya ba, kuma yadda ta gudanar da aikin ya fi abin da aka nuna ban mamaki.

Wace ce Harriet Tubman?

An haife ta wajen shekarar 1822 a gundumar Dorchester ta jihar Maryland, aka raɗa mata suna Araminta Ross, ana kiran ta Minty. Mahaifinta Ben Ross gwanin saran katako ne, mahaifiyarta Rit kuwa baiwar gidan Brodess ce. Dokar wurin ita ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. In uwa baiwa ce, duk abin da ta haifa dukiyar ubangidanta ne, ko da uban ɗan ba bawa ba ne. Shi ya sa da aka 'yanta Ben a 1840, matarsa da 'ya'yansa suka ci gaba da zama mallakar Edward Brodess. Uku daga cikin 'yan'uwan Minty mata, Linah da Soph da Mariah Ritty, an sayar da su zuwa kudu mai nisa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Tana 'yar budurwa aka aike ta wani kanti a Bucktown. Wani mai gadin bayi ya ɗauki ƙarfen awo mai nauyin kusan kilo guda ya jefi wani bawa da ke ƙoƙarin gudu, ƙarfen ya kuskure shi ya sauka a kan Minty. Ba a kai ta wurin likita ba. Daga ranar har ta koma ga Mahaliccinta tana fama da ciwon kai da wani irin barci da ke sace ta ana tsakiyar magana, tare da mafarkai da gane-gane waɗanda ta yi imani saƙo ne daga Allah. Masana tarihi da dama na ganin wani nau'in farfaɗiya ne raunin ya jawo mata. Wajen 1844 ta auri John Tubman, baƙar fata wanda ba bawa ba ne, ta kuma ɗauki sunan mahaifiyarta na yanka, Harriet.

Me ya sa ta gudu a 1849?

Wanda bai san yadda kasuwar bayi ta koma a Amurka bayan 1808 ba, ba zai fahimci tsoron da ya kore ta ba. A shekarar ce aka haramta shigo da bayi daga Afirka, alhali gonakin auduga na jihohi irin su Mississippi da Alabama da Louisiana suna ta bunƙasa, suna neman hannaye. Sai jihohin da ke kusa da arewa, irin su Maryland da Virginia, suka zama masu sayar da mutane ga na kudu. Mutuwar ubangida ta zama ranar fargaba ga bayinsa, domin magada kan sayar da su su biya bashi ko su raba gado.

Edward Brodess ya mutu a watan Maris na 1849, ya bar matarsa Eliza da bashi. Harriet da kanta ta ba da labarin cewa ta daɗe tana roƙon Allah ya sauya zuciyar mutumin, da ta ji yana shirin sayar da ita sai ta sauya addu'a, ta ce in ba zai shiryu ba a ɗauke shi, bai jima ba ya rasu, abin ya dame ta ƙwarai. Fim ɗin ya kawo wannan, kuma bai ƙara gishiri ba. Haka nan batun wasiyyar da aka danne. Harriet ta biya wani lauya dala 5 ya bincika takardu, ya gano tsohon mai mahaifiyarta ya bar wasiyya a saki Rit idan ta kai shekara 45, amma gidan Brodess suka yi kunnen uwar shegu.

A ranar 17 ga Satumba 1849 ta fita da 'yan'uwanta maza biyu, Ben da Henry. Suka karaya a hanya, aka koma. Sanarwar da Eliza Brodess ta buga a jaridar garin Cambridge ta sa ladan dala 100 a kan kowannensu idan aka kamo shi a wajen jihar. Ba da daɗewa ba Harriet ta sake fita ita kaɗai, ta bi ta Delaware ta shiga Pennsylvania, jihar arewa da babu bauta a cikinta, tafiyar kusan kilomita 145, har ta isa Philadelphia.

Mene ne layin dogon ƙarƙashin ƙasa?

A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Abin da Amurkawa ke kira Underground Railroad ba jirgin ƙasa ba ne, babu rami, babu dogo. Laƙabi ne da aka yi wa wata sarƙar mutane da gidaje da hanyoyin sirri da bayi masu gudu ke bi zuwa jihohin arewa da Kanada. An aro kalmomin ma'aikatan jirgin ƙasa don ɓad da sawu: gidan da za a ɓoye mutum tasha ne, mai rakiya kwandasta ne, masu gudun fasinjoji ne. Ba ƙungiya ɗaya ba ce mai shugaba da ofis. Wani ya san gida biyu ko uku da ke gabansa, daga nan iliminsa ya ƙare, kuma wannan ƙarancin sani shi ne kariyarsu idan an kama ɗaya.

Akwai fararen fata a ciki, musamman 'yan ɗariƙar Kirista ta Quaker, irin su Thomas Garrett na garin Wilmington wanda ya sha bai wa Harriet kuɗi da takalma. Amma mafi yawan aikin da haɗarinsa a wuyan baƙar fata yake, 'yantattu da bayi. A Philadelphia akwai William Still, wanda ya riƙa zaunar da duk wanda ya iso yana rubuta sunansa, da sunan ubangidansa, da dangin da ya baro. Ya ɓoye takardun har bayan yaƙin basasar Amurka, ya buga su littafi a 1872. Da yawa daga abin da ake da tabbaci a kansa game da tafiye-tafiyen Harriet daga rubutun wannan mutum ya fito.

Shekarar 1850 ta dagula komai. Majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kamo bayin da suka tsere, wadda ta tilasta wa jami'an jihohin arewa taimaka wa masu farautar bayi. Wanda aka kama ba shi da ikon ba da shaida a kan kansa, babu masu taya alƙali yanke hukunci. Jami'in da ya saurari ƙarar yana karɓar dala 10 idan ya miƙa mutum ga mai da'awa, dala 5 idan ya sake shi. Wanda ya ɓoye bawa kuwa yana fuskantar tarar dala 1,000 da ɗaurin wata 6. Shi ya sa Harriet ta koma kai mutanenta har St. Catharines a Kanada, ƙasar da ke ƙarƙashin Birtaniya, inda aka riga aka soke bauta tun 1834.

Mutum nawa ta kuɓutar?

Adadin da ya fi yawo shi ne tafiya 19 da mutum 300. Ya samo asali daga Sarah Bradford, wadda ta rubuta tarihin Harriet a 1869 da nufin a sayar a tara mata kuɗi, domin a lokacin tana cikin talauci. Niyyar kirki ce, amma lissafin bai tsaya da ƙafarsa ba. Binciken da masaniyar tarihi Kate Clifford Larson ta yi a takardun kotu da jaridu da wasiƙu ya nuna tafiya kusan 13 tsakanin 1850 da 1860, da mutum kusan 70 da ta rako da kanta, sai wasu 50 zuwa 60 da ta kwatanta wa hanya suka fita da kansu. Fim ɗin ya bi wannan adadin na 70, kuma ya cancanci yabo a nan.

Labarin cewa an sa ladan dala 40,000 a kanta shi ma ba a samu wata takarda da ta tabbatar da shi ba. Haka nan maganar da ake liƙa wa hotonta, wai ta ce ta 'yanta bayi dubu kuma da ta 'yanta wasu dubu da sun san su bayi ne. Babu inda aka samu ta faɗi haka a rayuwarta. Ni wannan ƙagen ya fi ɓata mini rai fiye da sauran, domin yana ɗora laifi a kan waɗanda aka zalunta. Mutumin da aka sayar da 'yarsa a gaban idonsa ya san shi bawa ne. Abin da ya hana yawancinsu gudu shi ne 'ya'ya ƙanana, da tsofaffin iyaye, da karnuka, da nisan hanya, da sanin abin da za a yi wa waɗanda suka bari a baya.

Saba'in ba ƙaramin adadi ba ne ga wanda ya san cewa kowace tafiya komawa ce cikin gundumar da aka san fuskarta. Kuma yawancin mutanen danginta ne da abokan arziki. Ba ta zagaya jihohin kudu tana neman baƙi ba. Gabashin Maryland ta riƙa komawa, wurin da ta san kowane rafi da kowace fadama.

Wahayi ko dabara?

Babbar matsalata da fim ɗin tana nan. Darakta Kasi Lemmons ta zaɓi ta nuna gane-ganen Harriet a matsayin abin da ke ja mata gora: ta faɗi ƙasa, ta ga abin da zai faru, ta tashi ta ce a bi hagu. Ba ƙarya ba ce cewa Harriet ta yi imani da haka. Thomas Garrett ya shaida cewa bai taɓa ganin mai dogaro da muryar Allah kamarta ba, kuma bai dace a raina imanin mace irin wannan ba. Amma idan aka bar mai kallo da wannan kaɗai, an tauye mata haƙƙin basirarta.

Kafin ta gudu ta yi shekaru tana aiki a dajin katako tare da mahaifinta, tana biyan Brodess wani kuɗi a shekara don ya bar ta ta nemi aikin kanta, tsarin da ya yi kama da murgu da aka sani a ƙasar Hausa. A can ta koyi daji, ta kuma san baƙaƙen ma'aikatan jiragen ruwa da ke kai katako Baltimore, masu ɗaukar saƙo daga gari zuwa gari. Ta fi son tafiya a lokacin hunturu saboda dare ya fi tsawo kuma mutane suna cikin ɗaka. Takan tashi da mutanenta daren Asabar, don ta san ba za a buga sanarwar ɓatansu a jarida ba sai Litinin. Tana ɗauke da maganin sa barci saboda jarirai, kada kuka ya tona asiri. Tana ɗauke da ƙaramar bindiga, kuma ta faɗa da bakinta cewa ta taɓa nuna ta ga wani da ya karaya yana son komawa, domin wanda ya koma za a dake shi har ya faɗi sunayen gidajen da suka sauke su. Tsakanin tafiya da tafiya kuwa wanki da girki take yi a otal-otal tana tara kuɗin hanya.

Ceton farko da ta shirya, a Disamba 1850, ya isa misali. An kai 'yar 'yar'uwarta Kessiah da 'ya'yanta biyu gwanjo a gaban kotun Cambridge. Mijin Kessiah, John Bowley, 'yantacce ne mai aikin ƙera jiragen ruwa. Ya shiga cikin masu taya, ya yi tayin da ya fi na kowa. Kafin mai gwanjo ya dawo karɓar kuɗi, an sulale da matar da yaran an ɓoye su a wani gida. Da dare Bowley ya saka su a kwale-kwale ya tuƙa su har Baltimore, inda Harriet ke jira. Babu mafarki a wannan labari, shiri ne da sanin ruwa da ƙarfin hali.

Sai kuma Kirsimetin 1854, da ta samu labarin za a sayar da 'yan'uwanta maza uku bayan biki. Ta kwaso su, suka wuni a ɓoye cikin rumbun masara kusa da bukkar iyayensu. Ba su bari mahaifiyarsu ta sani ba, don kada kukanta ya fallasa su, tana can tana ta leƙen hanya tana jiran 'ya'yanta su zo cin abincin biki. Mahaifinsu ya kawo musu abinci yana kau da kai, da zai raka su kuma ya ɗaure idanunsa da ƙyalle, domin idan an tambaye shi ya iya cewa bai ga 'ya'yansa ba, ba tare da ya yi ƙarya ba. Masu kallo da yawa sun ɗauka masu fim ne suka ƙirƙiri wannan ɗaure ido. Yana cikin labarin da Harriet ta bayar.

Waɗanda aka ƙirƙira

Gideon Brodess, ɗan ubangidan da ke bin Harriet kamar inuwa har suka yi arangama a daji, ƙirƙirarre ne. Marie Buchanon, mai gidan saukar baƙi a Philadelphia wadda Janelle Monáe ta fito a matsayinta, ita ma haka. Tsallen da Harriet ta yi daga kan gada zuwa cikin kogi ba ya cikin tarihinta. Auren da John Tubman ya sake yi kuwa gaskiya ne: ta komo ɗaukarsa a 1851 ta tarar ya auri wata, ya ƙi bin ta, sai ta tattara wasu bayin ta tafi da su.

Wanda ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne Bigger Long, baƙin mafaraucin bayi da aka ƙirƙira aka ba shi mafi munin aika-aika a fim ɗin. Masu suka suka ce an ɗauke nauyi daga kan fararen da suka gina tsarin aka ɗora wa baƙar fata. Masu kare fim ɗin suka ce an samu baƙaƙen da suka ci amanar 'yan'uwansu don kuɗi, kuma ɓoye hakan ma rage tarihi ne. Duka biyun suna da hujja, amma a ganina masu sukar sun fi kusa da gaskiya. Fim na awa biyu yana zaɓen fuskar da mai kallo zai tsana, kuma farautar bayi sana'a ce da fararen fata suka mamaye, da doka da kotu a bayansu.

Rigimar 'yar wasa

Cynthia Erivo, wadda ta fito a matsayin Harriet, haifaffiyar Landan ce, iyayenta 'yan Najeriya. Tun kafin a fara ɗaukar fim wasu baƙaƙen Amurka suka yi ca, suna cewa bai kamata wadda kakanninta ba su ɗanɗani bautar Amurka ba ta wakilci gwarzuwarsu, ga kuma tsoffin saƙonninta na Twitter da suka ce ta yi wa salon maganarsu ba'a. Ɗaya ɓangaren ya ce aikin ɗan wasa ke nan, ya zama wanda ba shi ba. An sa sunan Erivo a takarar kyautar fina-finai ta Oscar ta 2020 a rukuni biyu, na jaruma da na waƙa.

Bai kamata mu 'yan Afirka mu yi saurin cewa hassada ce ba. A ƙarƙashin rigimar akwai ciwon da bai warke ba, na jikokin waɗanda aka sayar, game da rawar da sarakuna da fataken nahiyarmu suka taka a cinikin. Mu ma a nan an yi rinji, an yi kasuwar bayi. Turawan mulkin mallaka sun ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya. Nijar ta mai da ita laifin da ake hukuntawa a 2003, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin ƙasar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Har yau akwai gidajen da ake binciken asali irin wannan kafin a ba da aure. Bautar ƙasar Hausa da ta Amurka sun bambanta ta fuskoki da dama, amma mai kallon wannan fim daga Kano ko Tawa ba baƙon zancen ba ne.

Abin da fim ɗin ya taƙaita

Harriet ta yi sama da shekara 52 a duniya bayan tafiyarta ta ƙarshe, fim ɗin kuwa ya ba wannan 'yan mintoci. A lokacin yaƙin basasar Amurka ta yi wa rundunar arewa aikin jinya da leƙen asiri a South Carolina. A farkon Yuni 1863 ta yi wa Kanar James Montgomery da sojojinsa baƙaƙe jagora a jiragen yaƙi zuwa cikin kogin Combahee, bayan mutanenta sun gano inda 'yan kudu suka dasa nakiyoyi a ruwa. A wannan hari aka kuɓutar da bayi sama da 700, wato ninki goma na waɗanda ta rako cikin shekara goma.

Bayan yaƙi ta koma gidanta a Auburn ta jihar New York, filin da ta saya daga hannun Sanata William Seward a 1859, tana ciyar da tsofaffin iyayenta da duk marar galihun da ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ta shafe shekaru sama da 30 tana neman gwamnati ta biya ta haƙƙin aikin soja. Abin da ta fara samu shi ne fanshon dala 8 a wata a matsayin matar tsohon soja Nelson Davis, mijinta na biyu da ya rasu, sai a 1899 aka ƙara ya koma dala 20. Ta shiga gwagwarmayar nema wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, ta kafa gidan kula da tsofaffi baƙar fata, a nan kuma ta rasu ranar 10 ga Maris 1913.

Muhawara a kan matsayinta ba ta ƙare ba a Amurka. A Afrilun 2016 sakataren baitulmali Jack Lew ya sanar da cewa za a sa hotonta a takardar dala 20, a madadin na Andrew Jackson, shugaban ƙasa na bakwai wanda ya mallaki bayi sama da ɗari. A 2019, shekarar da fim ɗin ya fito, magajinsa Steven Mnuchin ya ɗage shirin, yana cewa batun hana jabun kuɗi ne a gaba. Gwamnatin Biden ta ce a 2021 za ta farfaɗo da shi, amma ta sauka ba a buga takardar ba. A Nuwamban 2024 jihar Maryland, inda aka taɓa sa ladan dala 100 a kanta, ta ba ta muƙamin birgediya janar na girmamawa a rundunar tsaron jihar.